Kargon jirgin ruwa daga Jidda zuwa wani ƙauye a Taura: yadda aikinsu yake

Duk wanda ya daɗe yana zaune a Saudiyya ya san cewa daga ranar da aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, wato huruj, kwana 60 kawai doka ta ba shi ya tattara ya bar ƙasar. A cikin kwanakin nan ne zai sallami mai gidan haya, ya yi bankwana da maƙwabta da kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, sannan ya san yadda zai yi da kayan da ya tara tun yana saurayi. Jirgin sama ba ya ɗaukar wa fasinja fiye da 'yan akwatuna, saboda haka sauran kayan gida dole su bi ta hannun masu kargo. Wannan bayani ne a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, mai ofis a kudancin Jidda da sito a birnin Kano, wanda ya yi mini dakon kayana a 2024 lokacin da na dawo ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Ba zan kama sunansa ba, domin a cikin maganata akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kuma abin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne tambayoyin da zai yi wa kowane mai kargo kafin ya miƙa masa kayansa.

Yawancinmu da muka dawo a 'yan shekarun nan ba gajiya da aiki ce ta dawo da mu ba, lissafi ne ya ƙi fita. Tun watan Yulin 2017 aka ɗora wa baƙo kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, wato takardar izinin zamansa, riyal 100 a wata, aka riƙa ƙara 100 kowace shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Ke nan mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai fitar da riyal 2,000 duk wata tun bai sayi burodi ba, bai biya haya ba. Harajin sayen kaya ya fara da kashi 5 cikin 100 a 2018, ya koma kashi 15 a 2020. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 kuma aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulail da Karantina da Sabil da Kandara, inda Hausawa da sauran baƙi suka yi shekara da shekaru suna samun haya daidai ƙarfinsu. Ni tela ne, na yi sama da shekara ashirin ina ɗinki a Jidda, kuma 'ya'yana duk a can aka haife su, amma haihuwa a can ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Na kawo wannan ne domin a gane irin mutanen da ke zuwa wurin masu kargo a yanzu. Ba 'yan kasuwa ba ne kaɗai masu sayo abaya da darduma su koma bayan wata biyu su sake saro wasu. Akwai magidanta da ke kwashe gida ɗungurungum, waɗanda ba za su iya komawa ofishin Jidda su bi kadin kayansu ba idan wani abu ya faru, domin ƙofar ta rufe a bayansu. Irin wannan mutum ba shi da abin riƙewa sai rasit da lambar waya.

Ɓangaren aikinsu na Jidda ba ni da abin cewa a kai sai alheri. Kira ɗaya na yi musu, suka turo mota da ma'aikata har gidan da nake haya, ɗauke da kwalayensu masu kauri da igiya da leda da sikeli. Tsarin kuɗinsu a fili yake: kayan jirgin sama da kilo ake biya, kayan jirgin ruwa kuwa da girman kwali, manyan kaya irin su katifa da firji kuma a auna tsawo da faɗi a yi musu kuɗi dabam. Na sama ya ninka na ruwa sau da yawa, don haka wanda yake kwashe gida ba shi da zaɓi sai ruwa. Ba su yarda su karɓi ko ƙulli ɗaya a ɗaure ba. Kowace jaka sai da aka zazzage ta a gabana, aka rubuta abin da ke ciki, aka mayar cikin kwalinsu, aka liƙe, aka rubuta sunana da lambar kwalin da baƙin alƙalami a ɓangare biyu. Wata maƙwabciyarmu ta kawo saƙo a naɗe tana so a haɗa mata a kai wa 'yar'uwarta a Gezawa, suka ce sai an buɗe, ta ɗan ji haushi, amma ni na goyi bayansu ɗari bisa ɗari. Wanda ya zauna a ƙasar da hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yake kaiwa ga kisa ya san dalilin da ya sa ba a ɗaukar ƙullin da ba a ga cikinsa ba, ko da na ɗan'uwa ne. Sun kuma ƙi karɓar tukunyar gas da ruwan Zamzam, domin Zamzam ba a fitar da shi ta kargo, sai galan mai lita 5 da ake ba mahajjaci ko mai Umara a filin jirgi.

Abin da ya fi ɗaga darajarsu a idona shi ne shawarar da magatakardansu ya ba ni, wani saurayi ɗan Kano, alhali shawarar rage musu ciniki ta yi. Da ya zo kan na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki, sai ya durƙusa ya haska bayansu da fitilar waya, ya karanta ɗan ƙarfen da ake rubuta bayanin wuta a jiki, ya ɗago ya ce: "Baba, waɗannan kada ka ɓata kuɗinka a kansu. Sittin aka rubuta, wutarmu ta gida hamsin ce. Kuma ka ce ƙauye za ka, ina wutar da za ta ja su?" Gaskiya ya faɗa. Wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya sau 50, kuma injin da aka ƙera don ta farko idan aka jona shi a ta biyu sai gudunsa ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa ɗaukar zafi har wata rana ya ƙone. Abin da ke ruɗar mutane shi ne bakin soket ɗinsu mai ƙafa uku irin namu ne, ƙarfin wutar ma a sababbin gidaje kusan ɗaya ne da namu, sai mutum ya zaci komai daidai ne. Kayan da aka rubuta 50/60 a jikinsu, kamar talabijin da cajar waya da kwamfuta, ba su da matsala. Akwai kuma tsofaffin kaya masu wuta 110 ko 127 da suka saura a tsofaffin gidajen Jidda, waɗanda da zarar an jona su a tamu ta 230 sun tashi aiki. Bisa shawararsa na kai na'urorin biyu kasuwar gwanjo ta Haraj na sayar, kuɗin kuma su na haɗa na sayi sola da batir a Kano bayan na dawo. A garin da ke kusa da namu akwai wani bawan Allah da ya dawo daga Makka da ƙaton firji mai ƙofa biyu ta hannun wasu masu kargon da ba su ce masa komai ba, kuma har yau bai sha ruwan sanyi daga cikinsa ba. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, domin na san gumin da aka zubar kafin a saye shi.

Kekunan ɗinkina su ne jarina, kuma a kansu na fi tsayawa. Suka cire kan kowane keke daga teburinsa, suka tsiyaye man da ke cikin na masana'anta don kada ya ɓata tufafi, suka naɗe kan da bargo biyu, suka cusa tsummoki a ƙarƙashin hannunsa da gefen ƙafar allura, sannan suka zaunar da shi a tsakiyar kwali da tufafin yara kewaye da shi ta yadda ko an girgiza ba zai motsa ba. Ƙusoshi da ƙananan ƙarafa aka zuba su a safa, aka ɗaure, aka manna a jikin kan da salatif. Wanda ya yi wannan aiki wani dattijo ne ɗan Sudan, bai yi gaggawa ba, kuma da ya gama sai ya ɗaga kwalin ya jijjiga a kusa da kunnensa yana saurare. Ko allura ba ta karye ba a cikin kekunan nan har suka iso.

Wajen biyan kuɗi akwai abin lura. Suna ba da zaɓi: ko a biya duka da riyal a Jidda, ko a biya rabi a bar rabi sai an zo karɓa a Kano, amma da canjin ranar karɓa za a lissafa. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a dala ɗaya tun 1986, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ba ta zauna wuri ɗaya ba, daga ƙasa da 500 a dala a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya bar bashin riyal a bayansa, ya zo gida ya canza kuɗinsa zuwa naira, bai san nawa zai tarar ana bin sa ba. Na biya duka a can, kuma ita ce shawarata ga kowa.

Daga nan ne yabona ya fara raguwa. Bayan ƙaramar Sallah aka ɗauki kayan, aka ce mini wata biyu sun iso. Ba su iso ba sai da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Jinkirin kansa ban ɗora musu laifinsa duka ba. Kwantena daga Jidda ba kai tsaye take zuwa Legas ba, akan sauke ta a wata tashar a sake ɗora ta a wani jirgin, kuma tun ƙarshen 2023 hare-haren da ake kai wa jirage a kudancin Bahar Maliya sun hargitsa jadawalin kamfanonin jiragen ruwa. Bayan ta sauka Legas kuma akwai fitar da ita daga tasha, akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000 a tirela zuwa Kano. Ƙari a kan haka, kamfani irin wannan ba ya rufe kwantena sai ta cika da kayan mutane da yawa, ke nan ranar da aka ɗauki kayanka daga gida ba ita ce ranar da suka bar Jidda ba, kuma wannan ba su faɗa mini ba. Laifin da na ɗora musu shi ne shiru. Lambar Jidda takan ce a kira Kano, ta Kano takan ce kaya na kan ruwa, kuma amsar nan ba ta canja ba wata da watanni. Ba su ba ni lambar kwantena ba, alhali da ita yaro mai waya zai iya dubawa a intanet ya ga inda jirgi yake.

Mai karatu da bai taɓa yin irin wannan dawowa ba zai iya ganin kamar jiran kaya ƙaramin abu ne. Ba haka yake ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin a waje yana dawowa ne a matsayin baƙo a mahaifarsa. Tsaran da ya bari sun zama dattawa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, yaran da ke gaishe shi a hanya sai an gaya masa ɗan wane ne. Mutane suna yi masa kallon mai kuɗi tun da daga Saudiyya ya fito, shi kuwa ya san abin da ke aljihunsa raguwa yake kullum ba ƙaruwa ba, domin abin sana'arsa yana cikin teku. Na zauna a gidan yayana da iyalina, muna kwana a kan tabarmar aro, muna girki da tukwanen matarsa, kuma Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa nuna gajiya ba. Amma Babbar Sallah ta zo ta wuce, lokacin da kowane tela yake samun na shekara, ina ji ina gani mutane suna kawo mini yadi ina mayar da su. 'Ya'yana, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, kullum tambayarsu yaushe littattafansu za su zo, domin su ne abin da suka sani a cikin duniyar da komai nata sabo ne a wurinsu, daga tuwon dawa har zuwa ɗaukar ruwa a famfon tuƙa-tuƙa. Da kamfanin ya gaya mini gaskiyar lokaci tun farko, da na ɗora kan keke ɗaya a jirgin sama ko nawa ne kuɗinsa.

Da kayan suka iso sito a Kano, aikin can ma da tsari. Aka duba rasit, aka fito da kwalayena ana kiran lamba ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɓata, babu wanda aka farke. Kwali ɗaya ya sha ruwa ta ƙasa, barguna biyu da ke ciki suka yi fumfuna, kuma wasu kofunan shayi na gilashi sun fashe. Na nemi a yi maganar diyya, manajan ya nuna mini wani layi a bayan rasit da ke cewa ba su ɗaukar alhakin kayan fashewa ko lalacewar danshi. Asarar ba ta kai ta rigima ba, amma wannan sharaɗi a Jidda ya kamata a karanta wa mutum da baki, ba a Kano ba. Haka kuma dokar kwastam ta yi sassauci ga tsofaffin kayan gida na wanda ya daɗe a waje ya dawo, sai dai da yake kamfanin yana haɗa kayanmu da sababbin kayan 'yan kasuwa a kwantena ɗaya, ya yanka wa kowa kuɗi iri ɗaya, mai dawowa ba ya ganin amfanin sassaucin a lissafinsa.

Babban ƙorafina shi ne zangon ƙarshe. A Jidda an ce mini za a kai mini kaya har gida, na kuma faɗi sunan ƙauyenmu, magatakarda ya gyaɗa kai. A rasit kuwa Kano kawai aka rubuta. Da na tuna wa manajan, sai ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, motarmu ba ta wuce cikin birni. Idan Jigawa ne sai dai Dutse ko Haɗeja, shi ma sai kaya sun taru." Ya ƙara da cewa bayan mako ɗaya kuɗin ajiya zai fara hawa. Dole na shiga neman mota da kaina, a lokacin da kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Na samu a-kori-kura, muka bi ta Gezawa da Ringim lafiya lau a kan kwalta, amma inda hanyar ƙauyenmu ta rabu da titi ruwa ya kwanta, direba ya leƙa ya ce ba zai jefa motarsa a taɓo ba, kuma ban ga laifinsa ba. A bakin titi aka sauke kayan, hadari yana haɗowa ta gabas. Yayana ya aika aka zo da amalanke biyu na shanu, samarin unguwa suka naɗe wanduna suka riƙa ɗora kwalaye a ka suna tsallake kwatar, aka lulluɓe na kan amalanke da tamfol ɗin da ake shanya hatsi. Ba wanda ya karɓi ko sisi a cikinsu, sai dabino da na raba musu daga baya. Kamfanin da ya san yawancin masu kwashe gida daga Saudiyya 'yan karkara ne, na Ringim da Gumel da Babura da Ɗambatta da Bichi, bai kamata tsarinsa ya ƙare a kan titin birni ba. Ba sai ya sayi motoci ba. Ya ishe shi ya ƙulla da direbobin da ke zuwa kasuwar Gujungu da ta Maigatari duk mako, waɗanda sun san kowace hanya da lokacin da take biyuwa, ya kuma yanka kuɗin tun a Jidda. An ƙaddamar da tashar kaya ta tudu ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023, kuma fatana shi ne wata rana kwantenar irinmu ta riƙa zuwa can kai tsaye, amma ko an yi hakan, tsakanin Kano da ƙofar gidan mutumin ƙauye sai an samu mai ɗaukar nauyi.

Game da abin da ya cancanci a ɗoro, ra'ayina ya tsaya a kan abu biyu: kayan sana'a, da kayan da iyali suka shaƙu da su. Kekuna sun mayar da kuɗin dakonsu. Littattafan yara da babbar tukunyar da uwargida take dafa kabsa a ciki da kafet ɗin da muka yi shekaru muna cin abinci a kai sun yi wa yaran nan amfanin da kuɗi ba zai yi ba, domin ranar da aka shimfiɗa kafet ɗin a ɗakin ne na fara ganin ƙaramarsu ta sake jiki. Tsaraba kuwa, wadda takan cinye kusan rabin kwalayen mai dawowa, ba ta cancanci dakon teku ba. Dole ne a yi ta, domin ba a dawowa daga Ƙasa Mai Tsarki hannu rabbana a shiga gidan gwaggo da kawu da surukai, amma yawancin darduma da carbi da jallabiyar da ake saye a kasuwar Bab Makka ta Jidda daga Sin ko Turkiyya aka kawo su, kuma irinsu suna nan jibge a Kantin Kwari da kasuwar Kurmi. Dabino ma kada a saka shi a kwantena, domin watanni a cikin zafin ƙarfe kan sa shi ya yi tsami ko ya yi ƙwari. A riƙo kaɗan na Madina a hannu saboda dattawa, sauran a sayi na Dutse. Takardun haihuwa da na makarantar yara kuwa ko da wasa kada su shiga kwali, a jakar hannu ake riƙe su.

Wani abokin sana'ata da ke shirin dawowa Garki ya kira ni ya tambaya ko ya ba wa waɗannan mutane kayansa. Na ce ya ba su, saboda amana wajen kaya ita ce gaba da komai, kuma suna da ita. Amma na ce kafin ya sa hannu ya tsaya a rubuta sunan garinsu da kuɗin kaiwa can a jikin rasit, a gaya masa ranar da za a rufe kwantena ba ranar ɗaukar kaya ba, a yi masa alkawarin turo lambarta, kuma ya ɗauki hoton kowane kwali a buɗe da kuma a rufe. Na kuma ce ya lissafa tafiyarsa ta yadda kayan za su iso bayan kaka, lokacin da hanyoyin ƙauye suka bushe, kan keke ɗaya kuma ya biyo shi a jirgin sama.